Hantsaki Mai Gwajin Ƙwaya

Kullum da safe Hantsaki ne na farko a ƙofar masana'anta, daga shi sai mai gadi. Zai zura farar rigar nan mai rufe mutum daga wuya har idon sawu, ya ɗora hula, ya rufe hanci da baki, ya ɗaura igiyar da take janye lantarkin jikin mutum a wuyan hannunsa. Sannan ya shiga ɗakin gwaji ya tsaya cik, hannu a baya, yana sauraron injuna, ba ya ce wa kowa ci kanka. A watan nan yake ajiye aiki, kuma sai an yi masa jinjina ko yana so ko ba ya so, don in aka jira ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, to an daɗe ana jira. Ban taɓa ganin miskilin mutum irinsa ba. Wannan miskilancin ne ya kusa raba 'yarsa Auta da mutumin da take so.

Idan ka buɗe cikin wayarka za ka ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu manne a jikin allo, wani bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Su ne ƙwaƙwalwar na'ura. Mu ma'aikatan wurin ba mu da sunan da muke kiransu da shi sai ƙwaya. Kowace ƙwaya sai an gwada ta a zafi da sanyi kafin ta fita, don wata cikin mota za ta shiga, wata cikin na'urar asibiti.

Lokacin da ya zo yana sabon injiniya, mata ne suke aikin da hannu. Sun jeru a benci, kowacce da hantsakinta, ta ɗauki ƙwaya, ta sa a gurbin gwaji, ta cire, ta ware mai kyau da marar kyau, tun safe har yamma. Kafin mace ta yi nisa a aikin idonta ya fara yaji, wuya ya sage. Ya karɓi hantsaki ya zauna a cikinsu don ya ji abin da suke ji, nan sunan ya bi shi. Daga ƙarshe ya ƙera wani hannun ƙarfe mai ɗan bakin roba, yana tsotsar ƙwaya da iska, ya ajiye ta a gurbi, ya jira sakamako, ya kai ta inda ta dace. Da farko abin dariya ne. Ƙwayar sai ta manne a bakin robar ta ƙi sauka, hannun yana ta karkaɗa ta kamar mai fama da danƙo a yatsa. Ya yi ta fama har ya gano a riƙa hura mata 'yar iska a lokacin saki. Da aka ce a sallami matan tunda inji ya samu, ranar ce kaɗai muka ji ya ɗaga murya. Ya ce inji ba ya lura da kansa, kuma babu wanda ya san halin ƙwaya kamarsu. Shi ya koya musu sarrafa shi. Har yau suna nan, ka tambaye su.

To duk wannan, ko kalma ɗaya bai taɓa kaiwa gida ba. A gida abin da aka sani, Baba yana fita da safe, yana dawowa da jajayen idanu saboda leƙen madubin ƙara girma, ya zauna yana motsa yatsu a iska shi kaɗai. In ka miƙa masa hannu, sai ya fara taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya karɓa, al'adar wurin aiki ta bi masa jiki. Ga shi ba ya amsa waya sai a ƙofar gida, daidai shagon telan unguwa, mutumin da kunnensa ya fi kekensa aiki.

"Ƙwayar jiya ta yi zafi da yawa? Kada ku fitar da ita! A ware masu kyau, mai saye yana jira."

Kai jama'a! Me kuke tsammani tela zai ɗinka da wannan? Kafin a ankara unguwa ta ɗauka.

Saurayin Auta malamin makaranta ne, yaro mai hankali, amma ubansa tsohon ɗan sanda ne, wanda ya ƙare aikinsa yana farautar masu sayar wa matasa kayan maye. Maganar tela ta kai masa, ya wanko ƙafa ya zo da kansa. Aka kawo shayi, aka gaisa. Auta da uwarta suna bayan labule.

"Malam, in ba damuwa, wane aiki kake yi ne?"

"Gwajin ƙwaya, Yallaɓai."

"Kai da kanka?"

"Da can da hannu muke yi. Yanzu na ƙera abin da yake taya mu, don ta yi yawa."

"Wace iri ce?"

"Wannan kam an hana mu faɗa a waje."

Gaskiya ya faɗa, sabon abin da ya ƙirƙira ba a gama yi masa rajista ba, an ce kowa ya kama bakinsa. Amma haba! Baƙon ya gyara zama ya ce, "Ina ake kai ta?"

"Ko'ina. Babu gidan da ba ta shiga ba, har naka. Yara ma sun fi mu amfani da ita."

Tsohon ɗan sanda ya ajiye kofin bai kurɓa ba, ya sa takalminsa. Washegari saƙo ya zo cewa a dakata da maganar aure.

Matarsa ta yi kamar ta haɗiye zuciya. "Baban Auta, wai kai wace irin halitta ce? Mutum ya tambaye ka sana'a ka ce ƙwaya! Ka san abin da ƙwaya take nufi a bakin titi kuwa?"

Ya yi tsuru-tsuru yana kallonta. Wallahi bai kawo ba. Ya daɗe a ɗakin gwajin nan har kalmar ta rasa kowace ma'ana a kansa sai guda. Ya kira tsohon ɗan sandan a waya ya ce kayan lantarki yake nufi. Amsar da ya samu ita ce, "Haka dukkansu suke cewa in an kama su." Masana'anta ba ta barin baƙo ya shiga, ba ta barin a fita da ko ƙwaya ɗaya. Auta ta daina cin abinci, ta daina yi masa magana, in ya shigo falo sai ta tashi.

Ranar hutu ya sa hantsakinsa a aljihu ya ce Auta ta raka shi. Ta bi shi rai a ɓace. A falon tsohon ɗan sanda ya lura mutumin yana taɓa wata 'yar na'ura a bayan kunnensa, irin ta masu raunin ji.

"Yallaɓai, ara mini wannan."

Mutumin ya zare ya miƙa. Hantsaki ya shimfiɗa hankici a tebur, ya buɗe na'urar a hankali, ya nuna wani ɗan baƙin ɗigo da bakin hantsaki. "Ga ƙwayar. Da ita ka ji abin da aka ce a kaina."

Daga nan bakinsa ya buɗe, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ba da labarin matan benci da idanunsu. Ya ambaci wadda ta rasa ganinta kafin injin ya kammala, ya ce har yau yana jin da ya yi sauri da ta tsira. Ya ce bai san ko wannan ɗigon ya bi ta hannunsa ba, amma ya bi ta hannun wani irinsa, kuma duk wadda ya bari ta fita, sai ya tuna akwai mutumin da zai dogara da ita bai sani ba. Ya daɗe yana magana. Sannan ya mayar da murfin, ya miƙa. Mai gidan ya maƙala a kunne ya ce, "Na'am? Me kake cewa?"

Ko kalma bai ji ba. Sau ɗaya a rayuwa mutum ya yi bayanin kansa, ya zaɓi lokacin da kunnen mai sauraro yake kwance a kan tebur! Hantsaki ya ce, "Babu komai, Yallaɓai."

Amma idon ɗan sanda ya ga abin da ya gani. Ya jujjuya kai, ya ce tela zai gamu da shi, ya ce a ci gaba da magana. Auta kuwa tana bakin ƙofa, mayafinta ya jiƙe sharkaf. Ita ta ji komai. A hanyar komawa ta ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?" Ya ce, "Ba ku tambaya ba." Ita ta ba ni labarin nan, tana dariya tana share ido.

Hantsaki, mai ɗauka ba ya fasawa! Kai ne ka sauke hantsaki daga hannun matan nan ba tare da ka raba su da abincinsu ba. Kai ne ka tsaya a kan kada marar kyau ta fita, ko mai saye zai yi tsalle ya dire. Sunanka ba ya jikin ko ɗaya daga abin da ka gwada, kuma ko a jikinka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Amma tsakani da Allah ka ba mu haushi, ka ba matarka haushi, ka sa 'yarka kuka a banza.

Ku masu tasowa, ku ɗauki aikinsa da haƙurinsa da amanarsa, ku bar masa shirunsa. In kun koma gida yau, ku zaunar da 'ya'yanku ku gaya musu abin da hannunku yake yi, kada ku bari su fara jin labarinku a shagon tela.