Tana Ta Bar Lambun Malam Iro

Har gobe ban manta da ranar da Malam Iro ya miƙo mini fartanyarsa ya ce in sari ƙasar lambunsa da hannuna ba. Lokacin ina malamin gona, zagayena ya haɗa ƙauyukan Safana da na Batsari. Aikinmu shi ne bin manoma har gona, mu nuna musu iri da taki da yadda ake feshi, ƙarshen wata mu kai wa shugaban sashe rahoto. Mu huɗu aka turo, amma rashin tsaro ya sa ukun suka nemi canjin wuri, aka bar ni daga ni sai babur ɗina.

Malam Iro dattijo ne a wajen Yasore. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi birni. Shi kaɗai ya yarda ya dasa sandunan inabin da na kawo, mutane suna ta yi masa tsiya wai tsufa ya sa shi noman kayan marmari. Duk Talata ina wurinsa, mu zauna ƙarƙashin rumfar inabin mu sha fura. Maganar gaskiya ba aikin kaɗai ke kai ni ba, kaɗaici ne ya ishe ni, shi ma haka.

Inabi ba ya shiri da damina, funfuna ke kama ganyensa. Maganinta wani shuɗin gari ne mai sinadarin jan ƙarfe. Ƙa'ida ita ce a auna shi daidai, a fesa wa ganye kawai, kuma sai da dalili. Ni kuwa tsoron kada inabin ya mutu a yi mana dariya ya sa na ce ya riƙa fesawa duk mako, ya ƙara cokali ɗaya a kan awon. Ina kallo kuma yake juye ragowar maganin da ɗaurayen famfon feshin a gindin itacen, wai zubarwa a banza almubazzaranci ne. Ban hana shi ba, har yaba masa tattali na yi.

A damina ta shida ya ba ni fartanyar nan. Na sara, ƙasa ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Kashin shanun da ya zuba bara yana nan yadda ya zuba shi, busassun ganye ko ruɓewa ba su yi ba. Na tona wuri biyar ban ga tana ko ɗaya ba. Ya ja ni gefen da yake shuka gero, sara ɗaya sai ga su suna motsi.

"Malam, mi ya kore su?" in ji shi.

Na ce zan bincika, alhali jikina ya riga ya ba ni. Da na gaya wa shugaban sashe, cewa ya yi in sa a rahoto. Sai na buga wa wani tsohon malamina na makarantar koyon aikin gona. Ya ce jan ƙarfe ba ya ruɓewa, ruwa ma ba ya wanke shi da sauƙi. Taruwa yake yi a saman ƙasa, ya kashe tana da ƙananan halittun da ke narkar da taki.

Talata biyu na kasa zuwa don kunya. A ta uku na je na zayyana masa komai, na ce laifina ne. Ya daɗe yana murza ƙasar a tafin hannunsa, sannan ya tambaye ni yaushe tanar za ta dawo. Na ce za mu rage feshi, mu sassabe rassa iska ta shiga, mu lulluɓe ƙasar da karan gero da taki, amma ban sani ba ko ni ko shi za mu ga dawowarta.

"Da ranta mahaifina ya bar mini ƙasar nan," ya ce a hankali.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, na ma fi son ya yi faɗan. Sai ya tura mini ƙwaryar fura.

"To, Malam, da wanne za mu fara?"

Wannan tambayar ta fi zagi yi mini ciwo. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani manominmu in ya yarda da kai, ko ka ɓata masa gona kai zai sake tambaya. Saboda haka kafin ku ce a ƙara cokali ɗaya, ku tuna shi zai zauna da ƙasar bayan an yi muku canjin wurin aiki.