Bangon Ɗakin Inna

Tarihin ɗan Adam, in ka tankaɗe shi ka zubar da tsaki, abu guda ne: gudun laka. Na koyar da tarihi a sakandare har furfura ta cim mini, na bi tashin dauloli da faɗuwarsu, ban taɓa cin karo da al'ummar da ta samu sarari ta ci gaba da zama a ginin ƙasa da son ranta ba. Mu ma a Kwandere haka muka taso. Wanda ya ɗora kwano a ɗakinsa an san ya kama hanya. Wanda ya jera bulo kuwa sai a daina kiran sunansa gatsau.

Mutum ɗaya ce ta ƙi bin tarihi, kuma ita ce ta haife ni. Inna tana zaune a ɗakin laka tun kafin in san kaina. Na gina mata ɗakin bulo a cikin gidan, da silin da taga mai gilashi da fanka. Ta shiga, ta duba sama da ƙasa, ta sa mini albarka har na ji kunya, sannan ta koma inda ta fito. Ni ina zaune a Bukan Sidi, cikin garin Lafiya, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu sai hankalina ya tafi kan ɗakin nan. Na san gidajen da bango ya danne mutane. A shekarar da nake ba da labari ma ta yi jinyar ƙugu mai tsawo, ta yadda ko da abu ya taso ba za ta iya fita da sauri ba. Burina a duniya bai wuce in raba ta da ɗakin kafin ɗakin ya raba mu da ita ba.

A wannan shekarar ce ƙungiyar ci gaban yankinmu ta tashi gina cibiyar al'adu a wajen Azuba: babban zaure na taro da wasanni, ɗakin ajiye kayan tarihi, da ɗakin karatu. Aka sa ni a kwamiti, saboda an ɗauka duk wanda ya koyar da tarihi ya san inda aka ajiye shi. Kowannenmu ya zo da hoton ginin a ransa, kuma duk hoton iri ɗaya ne: shuɗin gilashi, tayil mai ɗaukar ido, da ginshiƙai farare irin na banki.

Mai zanen ginin mace ce matashiya, 'yar ƙabilar Eggon, ta yi karatu a ƙasar waje ta dawo da manyan takalma irin na sojoji. Kowa Madam Injiniya yake ce mata. Ta ajiye mana ɗan samfurin ginin a kan tebur, ja wur, ba ƙyalli ko kaɗan. Shugaban kwamitinmu, tsohon ma'aikacin banki, ya gyara tabarau ya sunkuya.

"Madam Injiniya, wannan jan fenti ne ko tayil?"

"Ba fenti ba ne, Baba. Ƙasa ne."

"Wace ƙasa?"

"Wanda kuna taka a kai."

Shugaba ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"'Yata, iyayenki suka tura ki har bayan teku, ki koyo abin da kakata take yi da ƙafa?"

Wani dattijon Bafulatani da ke wakiltar makiyaya a kwamitin, wanda bai taɓa tofa komai ba tun da aka fara zama, ya ce in dai baya za a koma, su da kara suke yi, kuma an fi saurin gamawa.

Ba ta yi musu da mu ba. Ta sa aka gina ɗan ƙaramin ɗaki na gwaji a filin, ta kira mu da tsakar rana cikin zafin bazara. Ta fara shigar da mu ɗakin bulon da ake ajiye kayan aiki, muka tsaya manyan riguna suna manne mana a baya. Sannan ta shigar da mu ɗakin ƙasar. Sanyi ya ratsa mu, ba wanda ya yi saurin fita. Haka muka faɗi zaɓe ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba.

Aiki ya fara, ni kuma na zama ɗan kallo na kullum, baki buɗe. Tushen dai da dutse da siminti aka yi, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Daga nan sai a kafa katako biyu suna fuskantar juna, a zuba jar ƙasa mai ɗan danshi a tsakani, a daɓe ta har ta yi ƙara kamar dutse, a ƙara wata. In aka cire katakon sai ka ga bango mai layi-layi, wani ja, wani ruwan ƙasa. Rufin ba a ɗora shi a kan bangon ba, an ɗaga shi sama a kan ƙarafa don iska ta ratsa, aka kuma zazzago da bakinsa sosai saboda ruwan sama. Masu acaɓa sukan tsaya a bakin titi su tambayi leburori ko siminti ne ya ƙare a ƙasar. Wani ya tambaye ni, da gaske, ko tukwane za a riƙa gasawa a ciki.

Wata rana Madam ta ce tana neman tsofaffin gine-ginen laka na yankin ta gani, amma duk inda ta je an rushe. Na yi ta juya maganar a raina kafin in faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa kamar mai bayyana ciwo, cewa akwai ɗaya a gidanmu.

Muka je Kwandere. Da shigarmu tsakar gida ta tsaya cak a gaban ɗakin Inna. Ni na yi shekaru ina hararar bangon nan, ban taɓa kallonsa ba. Sai a ranar na lura fuskar ɗakin gaba ɗaya cike take da zane: layuka masu lanƙwasa, wasu sun haɗu, wasu sun ratsa juna, tun daga ƙasa har inda hannun mutum zai kai. Madam ta cire hular kwanonta. Ta ɗauki hoto daga nesa, ta ɗauka daga kusa, ta durƙusa ta ɗauka daga ƙasa.

Inna ta leƙo, ta gan mu, ta ga abin da ake ɗauka, fuskarta ta canza. Ta amsa gaisuwar baƙuwa da fara'a, ta sa aka kawo mata dafaffiyar doya da manja, sannan ta ja ni gefe. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Malam, wa ya ce ka kawo mini baƙuwa ba sanarwa?"

Na ɗauka kunya ce irin ta tsofaffi.

A hanyar dawowa Madam ta faɗi abin da take so. Za a yanke bangon ɗungurungum, a ɗaure shi da ƙarfe, a ɗauko shi a kafa a tsakiyar zauren cibiyar cikin gilashi. Zanen kuma za a faɗaɗa shi a fuskar ginin, yadda mai wucewa a titi zai gani. Tana magana kan hannun mata da hikimar kakanni, ni kuma lissafi ɗaya nake yi: ɗakin da ba shi da bangon gaba ba ɗaki ba ne. Abin da roƙo ya kasa, da wa'azi ya kasa, da likita ya kasa, ga al'ada za ta yi mini shi cikin ruwan sanyi.

Na koma Kwandere na sami Inna tana tsince riɗi a faifai. Na yi mata bayani dalla-dalla, na shirya amsar duk wata gardama. Ba ta yi gardama ba.

"Mutane za su zo su gani?"

"Duk garin Lafiya, Inna."

"Har da dangin mijin ƙanwarka?"

"Har da baƙi daga Abuja."

Ta juya ta dubi bangon, ta daɗe.

"A haka?"

"A haka. Kada ki taɓa komai."

"To. Allah ya kai mu rani."

Na fito ina jin kaina kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Kafin rani ya zo, zanen Inna ya hau fuskar cibiyar. Kafintoci suka sassaƙa shi a jikin katakon, aka daɓe ƙasa a kai, da aka cire sai ga layukan sun fito kowanne ya kai kaurin cinyar mutum. Shugaba, wanda yanzu ya fi kowa son laka, ya bayyana wa kwamiti cewa layukan koguna ne da kakanninmu suka ƙetare a kan hanyarsu ta zuwa nan. Dattijon Bafulatani ya ce shi dai burtali yake gani, hanyar shanu, kuma ya san wasu daga ciki. Aka juyo gare ni a matsayina na mai tarihi, na ce duka fassarorin suna da madogara. Aka buga zanen a jikin atamfar anko ta ranar buɗewa. A tsakiyar zaure kuma aka gina dandamali da akwatin gilashi, daidai awon bangon.

Ranar ɗauka muka tafi da hantsi: motar ɗaga kaya, masu walda da ƙarafansu, Madam, Shugaba da ni. Na riga kowa shiga gidan, don in ga fuskokinsu lokacin da za su shigo.

Bangon sumul yake. Sumul kamar goshin jariri. An yaɓe shi tun daga ƙasa har sama, an shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake sa wa gini don kada ruwa ya ci shi, yana ta ƙyalli a rana. Babu layi ko ɗaya. Na rufe ido na buɗe. Na duba ko gidan wani na shiga.

Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno cikin zanenta na fita, hannayenta duk sun tsattsage, matan maƙwabta biyu a bayanta suna murmushi irin na waɗanda suka yi aiki suna jiran yabo.

"Inna! Ina zanen?"

"Wane zane?"

"Na jikin bango! Layukan!"

"Au, ƙarcen? Yana ciki mana."

"Wane ƙarce?"

"Kai Malam. In ka yi yaɓen fari, tun yana ɗanye sai ka bi shi da totuwar masara ka kakkarce, don na biyu ya samu abin kamawa. Na yi na fari bara, ƙugu ya kwantar da ni, damina ta shigo. Shi ne ka ɗebo mini baƙuwa tana ɗaukar hoto. Yanzu kuma ka ce duk Lafiya za su gani. Ka taɓa ganin an kai mace gaban jama'a da fatari?"

Shugaba ya ce innalillahi, ya maimaita, sannan ya ce da muryar da ba tasa ba, "An riga an buga atamfa."

Madam ta nemi wurin zama, ta samu turmi a kife ta zauna a kai. Na zaci kuka za ta yi. Kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Mu ma muna yi," in ji ta. "Da siminti ma muna yi. Kullum a wurin aiki ina ce musu su karce kafin su sa na biyu. Wayyo Mama, kin kashe ni."

"Bai yi kyau ba ne, 'yata?"

"Ya yi kyau, Mama. Wallahi ya yi kyau."

Shugaba ya tambaya ko za a iya ɓare na saman. Inna ta dube shi da tausayi ta ce ai don kada ya ɓaru aka yi ƙarcen. Wani mai walda ya gwada da bakin ƙarfe a can ƙasa, ya ɓalle guntu, ya fito da yaɓen duka biyu a manne kamar tare aka halicce su.

Na ja Madam gefe na roƙe ta, ni da girmana, ta ɗauki bangon a haka. Na ce laka dai laka ce, kuma ga mota an kawo. Ta je ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ta kara kunne, ta zagaya ta duba gindinsa da rufin.

"Malam, bango mai santsi muna da shi cike da cibiya. Wannan kuma lafiyarsa ƙalau, ya fi na ofis ɗina. Don me zan rushe wa tsohuwa ɗaki?"

Na ce don tarihi. Ta ce in bari.

Motar ta juya babu kaya. Inna ta bi mu har ƙofar gida tana tambaya ko wani abu ne bai yi ba, in kuwa makubar ce ba ta yi duhu ba, za ta iya ƙara hannu.

An buɗe cibiyar da kiɗa da jawabai, dukanmu sanye da ƙarcen Inna daga wuya har idon sawu. A akwatin gilashin aka sa babban hoton da Madam ta ɗauka. Shugaba ya yi bayanin kogunan, aka tafa. Inna ba ta je ba, ta ce ƙugu.

Bayan wani lokaci na ɗauko ta zuwa asibitin ido, na ce wa mai keke ya zagaya ta Azuba. Muka tsaya a bakin titi. Ginin yana tsaye ja wur cikin rana, da faffaɗan rufinsa da inuwarsa, kuma ko ni da nake da ƙulli a rai na san ba a taɓa yin irinsa a garin ba. Inna ta sa hannu ta kare ido, ta bi fuskar ginin da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ma sha Allah, sun yi ƙoƙari," in ji ta. "Yaushe za su gama yaɓen?"

Har yau a ɗakin lakar take kwana.