Kazar Inna Hajara a murhun gashi

Jama'a, yau saura kaɗan in gasa kazar maƙwabciyarmu da ranta!

Jibi ne sunan ɗan ƙanwata a nan Limawa. Sai na je bayan ɗaki don in wanke murhun gashin nama mai gas, wanda tun Babbar Sallah ba a taɓa shi ba. Maiƙo ya daskare a kan ragar, baƙi ƙirin. Na ce bari in kunna wuta ya narke tukuna, sannan in sa soson ƙarfe. Ina buɗe ƙofar ƙasa zan haɗa tukunyar gas, sai na ji sara a hannu. Ashe kaza ce take kwanci, har wasu ƙwan sun fara ƙyanƙyashewa.

Matata ta leƙa ta ce, "Ai ta Inna Hajara ce da ta ɓata."

Aka kira tsohuwar, ta zo tana salati. "Ni har na haƙura, na ce muzuru ya cinye ta."

Na ce, "Inna, a ɗauke ta?"

Ta ce, "A'a ɗana, sauran ƙwan za su lalace."

Ragar kawai na cire na wanke tas, a kan gawayi za mu yi gashin. Inna ta ce in tsakin sun girma, biyu na mai jego ne.