Illo da Hoton Ƙanzo

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, mutanen Warra suka yi ta murna. Illo mai jirgin fito ya ce shi bai ga abin murna ba, don jirginsa yana nan inda ya ɗaure shi jiya. Haka halinsa yake. Mutum ne mai tsare girma, ko dariya ba ya yi sai ya duba wa ke kallo. Yana fitar da manoman albasa da matan kasuwa a tabkin Kainji, yana yi musu wa'azi kyauta. Babban karatunsa shi ne, namijin da ya sa hannu a tukunyar mata ya sayar da rawaninsa.

Ɗiya guda Allah ya ba shi da matarsa Hansatu, sunanta Barakatu. Tana aji huɗu kawunta ya dawo daga Hajji da tsarabar kyamara. Illo aka kawo wa, amma ya juya ta, ya leƙa ta baya, ya ce ba ta da amfani. Barakatu ta ɗauke.

Sai dai yarinyar ta ƙi ɗaukar hoto yadda ake yi. An nuna mata ta kanne ido ɗaya ta leƙa, ta ce ita ba ta yarda da aikin da ake yi da rabin gani ba. A ƙirji take riƙe kyamarar, ta buɗe idanu biyu, ta danna. Da aka wanko fim na farko a Yelwa, Illo ya fito cikin babbar rigarsa ta Sallah da agogon aro, ba kai.

Amininsa Ishaya, manomin albasa, ya daɗe yana duban hoton a bakin ruwa.

"Wallahi ta iya," in ji shi. "Ta cire inda ba a buƙata."

"Kai da ko an ɗauke ka, warin albasa za ya fito," in ji Illo.

Barakatu ba ta daina ba. Ta ɗauki ƙafafun Innarta a bakin murhun banda, kifi na shan hayaƙi. Ta ɗauki akuyar maƙwabta tana cin hular liman. Ta ɗauki Ishaya daga wuya zuwa gwiwa, ya ce ko a haka ya fi Illo kyau.

Ranar da abin ya faru, Hansatu ta tafi suna. Illo ya dawo da yunwa, ya leƙa tsakar gida ba kowa, ya ɗauki tukunyar tuwon shinkafa ya shige ɗakin matarsa. Ya tsuguna gaban kabad ɗin jerenta, ya shiga kankare ƙanzo da cokali, da cokali ya gaza ya sa yatsa. Tsugunnen nan ne ya cuce shi, domin a ranar kansa ya zo daidai ƙirjin Barakatu, da ta faɗo masa da kyamara ta danna. Hoto ɗaya ke nan a duniya da fuskar Illo ta fito cikakkiya: ido waje, kumatu cike, hannu cikin tukunya har wuyan hannu.

Da aka wanko hoton, ya so ya jefa shi a tabki. Hansatu ta riga shi, ta saka hoton cikin wani kwanon jere ta rufe. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga murya a gidan ba. In gardama ta taso, sai ta ɗaga kai ta dubi kwanon.

"Malam, mi kac ce?"

"Ban ce komi ba."

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kama Barakatu. An kai ta asibiti a Yelwa cikin jirgin ubanta, a cikinsa kuma aka dawo da ita.

Bayan sadakar bakwai, Illo ya zazzage hotunan a kan tabarma yana neman fuskarta. Akwai ƙafafu, akwai akuya, akwai rigarsa ba kai. Kowa na gidan yana ciki, ko da rabinsa ne, ban da mai ɗaukar. Ba wanda ya taɓa tunanin karɓar kyamarar ya ce ta tsaya. Ya tattara su, ya sake bazawa, kamar lissafin zai canza.

Hansatu ta tashi ta sauko da kwanon.

"Ba yau ba, Hansatu," in ji shi.

"Duba bayanka, Malam. Kullum kanka kake kallo."

Ya duba. A madubin kabad, sama da kafaɗarsa, ga Barakatu tsaye a bakin ƙofa, kyamara a ƙirji, idanu biyu buɗe, tana dariya har ana ganin giɓinta.

Washegari ya nuna wa Ishaya, shi kaɗai, a bayan jirgi. Ishaya ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ya ciji leɓe, ya dubi ruwa, sannan dariyar ta ƙwace masa, hawaye na bin ta. Da ya natsu ya ce akwai dabara: mai hoto na Yelwa zai iya yanke gefen madubin ya faɗaɗa shi, a bar tukunya da mai tukunya a waje.

Illo ya sake duban hoton.

"In an cire ni," ya ce, "wa take yi ma dariya?"

Ya kai shi Yelwa aka faɗaɗa shi duka, aka sa a gilashi, ya rataye a zaure inda duk mai sallama zai gani. Kafin kasuwa ta zagayo, sunansa ya koma Illo Ƙanzo daga Warra har tsallaken ruwa. Matan kasuwa suka riƙa kawo masa ƙanzo a ƙulle cikin ganye, su miƙa masa da ladabi. Wa'azin tukunya dai ya mutu.

Har ya tsufa, in yaro ya tsaya daga nesa ya ƙwala, "Baba Ƙanzo!" Illo yakan gyara zaman hularsa ya ce, "Na'am. Shigo ka gan ta."