Inna, Man Kifi da Ƙwaryar Nono

Innarmu Bafulatana ce ta gidi. Tun da aka tare ruwa a Bakolori kifi ya yi arha har ƙauyenmu na wajen Maradun, amma ita ko ƙarninsa ba ta so. Abincinta fura da nono ne, safe da rana. In ka hana ta su, to ka gama da ita.

Da likita a Talata Mafara ya ce kitse ya yi yawa a jininta, ya ɗora ta kan wata 'yar farar ƙwaya, tana sha ba gardama. Sai yayanmu da ke aiki a Sakkwato ya aiko mata da kwalbar man kifi, 'yan ƙwayoyi masu ruwan zinare, wai suna gyara zuciya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta mayar masa da kyauta. Ta dinga runtse ido tana haɗiya.

Na zo ganinta daga gidan mijina a Bakura, sai na tarar zani na neman zagaye ta sau biyu. Wayyo Allah! Na ce shi ke nan, magungunan nan faɗa suke a cikinta, ɗaya na kwashe mai, ɗaya na zuba mai. Na kira yaya a waya na wanke shi tas.

Washegari na sa ta a mota sai asibiti. Na dire wa likita kwalbar, ina ta zuba bayani tun bai tambaye ni ba. Ya karanta jikinta, ya tambayi Inna ko tana shan maganin tsinka jini, ko naman jikinta na ciwo. Ta ce a'a.

Ya ce, "Inna, waɗannan biyun ba sa faɗa, ana shan su tare. Kada dai ki bar farar, don man kifi ba ya aikinta. To, me kike ci?"

Ta sunkuyar da kai. "Kunu."

Na ce, "Fura fa, Inna?"

Ta harare ni. "Ke, kina da hankali? Kihi na cikina in aza mai nono? In tashi da hwari-hwari ga jikina, jikokina su guje ni?"

Ashe yunwa ce! Tun ranar da kwalbar ta shigo gida ba ta ƙara taɓa nono ba. Kuma da wannan tsoron muka tashi mu duka, ni kaina ban taɓa haɗa su ba.

Likitan nan, Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba. Ya ce shi kan ci kifi ya kora da fura, ya naɗe hannun riga ya miƙa mata. Inna ta duba hannun ciki da bai, kamar mai tayin saniya.

Ya ce, "Ki sha nononki. Tsala dai, wanda aka kaɗe. Man shanu ne za ki rage."

Ai ba mu kai tasha ba! A bakin asibitin ta hango wata mai tallar nono, ta kira ta da Fulatanci, ta zauna nan ƙasa aka dama mata. Ni kuwa daɗi ya kashe ni, na rangaɗa guɗa, 'yan acaɓa na ta kallona. Su kalla mana!

Inna ta ajiye ludayi ta kafa kai a ƙwarya, ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙarshenta. Ta duba hannuwanta, ta share hawaye da bakin mayafi, ta miƙa ƙwaryar.

"Ƙara mani."