Ƙahon Gidan Kande da Ƙafar Rabi

A Utai na girma, a hannun kakata, mahaifiyar babanmu, wadda duk gidan muke kira Iya. Idan sanyi ya shigo, an gama zuba dawa a rumbu, da an idar da sallar magariba an ci tuwo sai ta ja tabarmarta bakin murhu, ta tura kara a wuta, ta binne dankali a toka. Mu shida ne jikokinta a lokacin, amma ni da ƙanwata Rabi ne 'yan gaba, don Rabi ba ta yarda kowa ya jingina da Iya sai ita. Ni kuwa "Maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika, wai ni ne mijin da ba ya kawo cefane, sai cinye dankali.

Iya ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta buga itacen tona wuta a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, a buɗe mata ko ta wuce?" Mu haɗa baki mu ce, "A buɗe mata, Iya!" Yawancin baƙin nata na ban dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da in ta ɗauko ta fuskarta ke sauyawa, muryarta ta yi kauri, har ta manta da dankali ya ƙone. Ita ce ta Kande mai daddawa.

Kande, in ji Iya, tana zaune a wani gari na bakin kogi da 'yarta ɗaya tak. Katanga ce kawai tsakaninta da yayarta Delu. Tare suke dafa kalwa, tare suke kai daddawa kasuwa. Sai 'yar Kande ta kwanta. Zazzaɓi ya sauka yau, gobe ya dawo, yarinya sai ramewa take yi. Ran kasuwa wani mutum mai ƙaton rawani da carbi har gwiwa ya tsaya a gaban faifanta ya ce, "Baiwar Allah, akwai mai ciwo a ɗakinki, kuma ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Da sa hannu."

A nan Iya takan yi tsaki. "Mace ta zauna a kasuwa ido ya kumbura da kuka, a ce sai mai gani har hanji ne zai san tana da mai ciwo? Ko akuya ta gane!"

Kande ta kai shi gida. Ya tambayi sunan uwarta, ya karɓi baƙar kaza, ya dawo ya karɓi akuya. Rana ta uku ya ce kowa ya fita a bar masa gidan shi kaɗai, zai yi aiki. Washegari ya tara maƙwabta, ya yi ta zagaye tsakar gida yana ƙus-ƙus da abin da ba wanda ya ji, sannan ya tsaya a gindin katanga ya ce a tona. Aka tona, sai ga ƙahon rago naɗe a tsumma, cike da gashi da allurai. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Shekara bakwai yana nan. Wadda ta binne shi jininki ce, kuma ba ta da nisa."

Kande ta fita ko mayafi babu, ta zage Delu tas a gaban gari. Aka daina sayen daddawar Delu. Yara suka riƙa jifan ƙofarta suna ce mata mayya. Wata safiya aka tashi, ta ɗaure kayanta ta bar garin.

Yarinya kuwa ba ta tashi ba. Da abin ya ishi Kande sai ta ɗauki ƙahon ta kai wa wani tsohon malami a ƙarshen gari, ta same shi a gonarsa yana cirar ciyawa. Ya juya ƙahon, ya sake juyawa, ya ce, "Gidanki babu gara ne?" Ta ce, "Gara kuwa, Malam? Tabarma ta kwana a ƙasa sai ta ci ta." Ya ce, "Ta ci tabarma a dare ɗaya, ta bar tsumma shekara bakwai?" Ya warware tsumman, ga shi nan fes, har da ƙanshin turaren mai rawani.

Malamin ya bi ta gida. Ya ce shi bai ce babu sihiri a duniya ba, akwai shi. Ya zauna ƙofa a buɗe, ya yi wa yarinyar karatu da ƙarfi, surorin da Kande ma ta iya, ya ce ta riƙa karanta mata da bakinta safe da yamma. Sannan ya buɗe idon yarinyar ya ce, "Wannan shawara ce. Ba ni da maganinta, amma na san wadda ta sani." Ya kwatanta mata gidan. Ta miƙa masa daddawa, ya ƙi karɓa, ya ce, "Je ki nemo 'yar'uwarki." Yarinya ta warke. Kande ta bi gari gari tana cigiyar Delu har ta tsufa.

Kullum a nan Rabi take ɗago kai. "Iya, ba ta same ta ba?"

"Ba ta same ta ba."

"Ki sa ta same ta mana, Iya."

"Ba ni na kore ta ba balle in dawo da ita," in ji Iya. Sai ta nuna mu da itacen ɗaya bayan ɗaya. "Duk wanda ya tambaye ku sunan uwarku, ya yi karatun da kunnenku bai ji ba, ya nuna muku ɗan'uwanku ya ce shi ne, ku ɗauki takalmanku. Ka ji ko, Maigida?" In ce na ji. Ta rufe wuta da toka, mu watse.

Na ce na ji. Wannan ne abin da har yau in na tuna raina ke tafasa.

Iya ta rasu ina sakandare. Na dawo Wudil na koyi gyaran injin ban ruwa, na buɗe rumfata kusa da gada. Rabi ma a nan ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne, ita kuma tana ɗinki a gida. Shekara uku da suka wuce ƙusa ta soke ta a tafin ƙafa. Ɗan ciwo ne da bai kai a kula ba, amma ya ƙi warkewa. Ga ƙishirwa ba dare ba rana, ga rama. Mata suka fara cewa, "Anya Rabi ba sammu ta taka ba?"

Wani manomi da ya kawo mini inji shi ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Mutum ne fari tas da farar riga, yana jan ayoyi da murya mai daɗi, wai yana karya sihiri da sammu ko na shekara nawa ne. Ofis gare shi a bayan tasha, da allo, da kujerun roba, har da katin layi. Babu ƙwarya, babu fatar damisa, babu abin da ya yi kama da boka. Ni da kaina na ɗauki Rabi a mashin na kai ta.

Tambayarsa ta farko sunan mahaifiyarmu. Na faɗa masa, ko ɗar ban ji ba. Ya ɗauko ƙwai daga ƙarƙashin tebur, ya goga a ƙafarta yana motsa leɓe, ya fasa a faranti. Sai ga allurai uku da baƙin zare. Rabi ta ƙwalla ƙara ta riƙe rigata. Ya ce mace ce ta yi aikin, babba, ta wajen uba, mai ciyar da mutane.

Na ce, "Gwaggo Asabe?"

Gwaggo Asabe ƙanwar babanmu ce, waina take sayarwa a unguwarmu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin magana. Bai san da ita a duniya ba. Ni na ciro sunanta daga bakina na ajiye masa. Kafin mu fita ya ƙara da cewa, "Kada ku kuskura ku kai ta asibiti. Allura na taɓa ta, abin zai haura zuciya."

A ranar na je gidan Gwaggo, na tsaya a zaure na faɗa mata abin da ba zan iya rubutawa ba. Maƙwabta suka ji. Cikin mako guda kaskonta ya koma sai ita da ƙudaje.

Wata huɗu muna zarya. Yau rago, gobe wani turare da sai a wajensa ake samu, jibi a ce aikin ya yi taurin kai sai an sake. Keken ɗinkin Rabi ya tafi a haka. Ƙafa kuwa ta yi baƙi, ɗakin ya ɗauki wari, muna ta kunna turarensa muna rufe warin.

Limamin unguwarmu, Malam Sule, dattijo ne da ke noman albasa a bakin kogi. Shi ya zo dubiya da ya ji labari. Ya zauna a bakin ƙofa, labule a ɗage, ni da mijinta muna wurin, ya karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kowa yana ji, ya ce Rabi ta bi shi da bakinta. Da ya shafa sai ya ce a buɗe ƙafar ya gani. Aka buɗe. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

"Kai Garba, da hankalinka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, an ce in aka yi mata allura..."

"Wa ya ce? A wane littafi ya gani? Addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba. Duk wanda ya ce maka ta hana, cikinsa yake yi wa aiki. Ku ɗauke ta yanzu, ba gobe ba."

Ciwon suga ne. Likitar da ta duba ta ta ce da mun zo tun farko, da magani da wankin ciwo sun isa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Daga asibiti ban biya gida ba, bayan tasha na nufa. Kujeru cike da mata, kowace da katinta. Na kutsa ciki na faɗa masa abin da ya faru. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ai kun karya sharaɗi, kun kai ta asibiti." Ban san lokacin da na kifar da teburin ba. Kiret ɗin ƙwai ya zube a ƙasa, kuma kowanne da ya fashe da alluransa da baƙin zarensa a ciki, an huda an cusa an liƙe da kyandir. Na ce wa matan, "Ku duba! Ku duba naku ciwon tun ba a goga muku ba!" Wasu suka ja mayafi suka fice. Amma wata ta miƙe ta ce mini, "Malam, ka fita ka ba mu wuri, tun asuba nake kan layi." Wannan maganar ta fi tasa yi mini ciwo. Kafin mako ya zagayo ya kwashe kayansa. Har yanzu ina ganin bidiyonsa, da sabon suna, a wani garin.

Na je na durƙusa a gaban Gwaggo. Ta daɗe tana juya waina ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Na yafe, saboda Allah. Amma ni na goya Rabi, ni na yi mata wankan jego. Da baƙo ne ya faɗa, da ban ji zafi ba. Kai ka ba shi sunana, Garba." Da yamma ta rufe kasko ta tafi asibiti, ita ta yi jinyar Rabi har aka sallame ta.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda wanda aka yi wa wannan kashedi tun yana cin dankali a toka ya faɗa. Ba rashin sani ba ne. Tsoro ne, da kuma wani abu da ya fi tsoro muni: na fi son a nuna mini wanda zan tsana a kan a ce mini ciwo ne da sai an yi haƙuri da shi. Mutumin ya san haka, da shi yake ci. Shi kuwa mai yin don Allah bai ɓoye karatunsa, bai sayar mana da kome ba, bai haɗa mu da kowa ba, kuma da ya iso inda saninsa ya tsaya ya faɗa, ya tura mu gaba.

Rabi takan ce, "Yaya, ka bari, ƙaddara ce." Na yarda da ƙaddara. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Wani ya sake kafa allo a bayan tashar. Ranar Juma'ar da ta wuce wani mutum ya tsaya a rumfata da tsohuwarsa a bayan mashin, hannunta naɗe da tsumma, yana tambayar hanyar wurin. Na ce ya kashe mashin ɗin. Na ba shi labarin ƙanwata tun daga ƙusa har wuƙar likita, ban rage nawa laifin ba. Da na gama, sai ya tayar da mashin ya juya ya bi hanyar asibiti. Ko sunansa ban tambaya ba. Na koma kan benci na zauna, ban sake taɓa sufana ba har aka kira la'asar.