Kati Tara, Babu Na Yaya Ummaru

Damina bakwai ke nan da muka kai wana, Yaya Ummaru, makwancinsa a Fakku. Yana da shekara arba'in da takwas ya yanke jiki ya faɗi da hantsi a bakin gonarsa, lauje a hannu. Kafin a isa Tambuwal da shi rai ya yi halinsa. Aka ce hawan jini ne, kuma ya daɗe yana cinsa.

Abin da ke ƙona mini rai, babu wanda ya kai shi sanin hanyar asibitin garinmu. Ranar awo ya ɗauko matarsa Hadiza a babur. Ranar riga-kafi ya ɗoro yara. Innarmu kuwa, ko tari ta yi sau biyu sai ya ce ta ɗauko mayafi. Amma da ya sauke su a ƙofa sai ya koma gindin darbejiya, inda maza ke jingine babura ana hirar taki da ruwan sama. A wurinmu cikin asibiti na mata ne da yara da tsofaffi. Magidanci ba ya shiga da ƙafarsa, sai dai a ɗauko shi.

Likitan asibitin, wanda ya san zazzaɓin kowane yaro a gidanmu, ya sha leƙowa ya ce, "Ummaru, taho in gwada jininka, minti biyu na." Yaya ya yi dariya ya ce, "Mi yas same ni? Ni kawo mutane nika yi." Ciwon kan da ke koro shi daga gona kuwa, ƙwaya biyu daga kemis ce maganinsa.

Bayan sadakar uku Hadiza ta buɗe gwangwanin da ake ajiye katin asibiti. Tara muka samu, na Inna har ya yage don yawan zuwa. Babu mai sunansa.

Da zai dawo yau, me zai gani? An yi wa asibitin fenti, benci cike da mata da goyo, darbejiya ta ƙara inuwa. Cikin abokan hirarsa ɗaya ya faɗi a kasuwar Kebbe, ɗaya yana kwance ɓarin jiki ya shanye. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu dai ta'aziyya muke zuwa, mu ce kwana ya ƙare, mu koma inuwa.

Bana ni ma na cika arba'in da takwas. Wata biyu ke nan ƙeyata na sara, in na duƙa idona ya yi duhu, kuma tsoro nake ji. Makon jiya na kai Inna a kan babur ɗin da Yaya ya bari. Likitan, yanzu duk furfura, ya leƙo ya ce, "Bello, taho."

Allah ya jiƙan Yaya Ummaru. Na gaji baburinsa, na gaji gwangwanin, na gaji wurin zamansa. Ban san na gaji bakinsa ba sai da na ji kaina ina cewa, "Ni kawo mutane nika yi."